Neman gidan haya a baƙon gari: wane dillali za ka bi, kuma wa zai biya shi?

Wanda aka yi wa canjin wurin aiki, ko ya samu gurbin karatu a wani gari, abu biyu ke matsa masa a lokaci guda: bai san garin ba, ranar fara aiki kuma ba ta jiran sa. Masu harkar gidaje sun san da haka sarai. Shi ya sa baƙo kan biya abin da ɗan gari ba zai biya ba, ya kuma karɓi gidan da ɗan gari ya leƙa ya wuce. Hanyoyin samun gida ba su da yawa. Ko ka bi dillalin da mai gida ya damƙa wa gidansa, ko ka ɗauki naka dillalin ka biya shi, ko ka nufi kamfanin da ke kula da manyan gine-gine, ko ka nemi mai gida kai tsaye. Amma kafin a auna su, akwai tambayar da ta sha gaban sauran: wannan da ke riƙe da makulli, wa yake yi wa aiki?

Galibin dillalan da za ka ci karo da su na mai gida ne. Aikinsu su samo ɗan haya da wuri a kan kuɗi mai kyau, kuma la'adarsu ba ta fitowa sai an sa hannu. Ba ana nufin mugaye ba ne. Dillali na iya zama mai fara'a da gaskiya, har ya ɗauke ka a motarsa ya zagaya da kai. Sai dai ba shi zai gaya maka cewa a layin baya akwai gida mai sauƙin kuɗi a hannun wani dillalin ba, kuma in ka sake ka faɗa masa iyakar abin da za ka iya biya, ka faɗa wa mai gida ke nan. Alfanunsa a fili yake: ya san gidan, makulli na hannunsa, takardu a shirye suke, kuma idan yana da ofis da lasisi, akwai inda za ka kai ƙara in abu ya ɓaci.

Abin da ya daɗe yana damun 'yan haya shi ne, mutumin da ke yi wa mai gida aiki, su ake sa wa su biya shi. Ƙasashe da dama sun taɓa wannan al'ada, kowace da nata salon. A Jamus, tun watan Yunin 2015, doka ta ce wanda ya ɗauki dillali shi zai biya shi. A Ingila, dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Yunin 2019 ta haramta yawancin kuɗaɗen da dillalai ke karɓa daga 'yan haya, har da na rubuta yarjejeniya da na binciken tarihin mutum. A birnin New York an daɗe ɗan haya na biyan kashi 12 zuwa 15 cikin 100 na hayar shekara a matsayin la'ada, sai a watan Yunin 2025 doka ta mayar da nauyin kan wanda ya ɗauki dillalin. Faransa ta bi tsaka-tsaki: dokar 2014 ta yarda ɗan haya ya biya wani ɓangare, amma ta ƙayyade shi gwargwadon faɗin gidan da yankin da yake. A Dubai kuwa ɗan haya ne ke biya, yawanci kashi 5 cikin 100 na hayar shekara. A Japan la'ada na iya kai hayar wata guda da haraji a kai, bayan wani kuɗin godiya da masu gidaje da yawa ke karɓa, wanda ba ya dawowa.

Saboda haka kada ka ɗauko al'adar garin da ka baro ka auna sabon gari da ita. Abin da yake halas a can yana iya zama laifi a nan, kuma dillalin da ya fahimci ba ka san doka ba, ba lallai ne ya tuna maka ba.

Hanya ta biyu ita ce ka ɗauki naka dillalin. Ta fi tsada, kuma mutane da yawa na ganin ɓarnar kuɗi ce. A ganina ba haka ba ne ga mutum iri uku: wanda bai jin harshen garin, wanda ba shi da lokacin yawo, da wanda ya sauka a birnin da gida ɗaya mutum ashirin ke layi a kansa. Dillalin da kai ka ɗauka zai duba gidajen da ke hannun kowa, ba nasa kaɗai ba, zai yi ciniki a madadinka, ya karanta yarjejeniya da idon wanda ya saba. To amma a daidaita komai a rubuce tun kafin ya nuna maka gida na farko. Nawa ne la'adar? Yaushe take wajaba, ranar sa hannu ko kafin nan? Idan kai ka samo gida da kanka cikin wannan lokaci, yana da wani haƙƙi a kanka? Har tsawon wane lokaci kuka ƙulla? Sannan ka tambaye shi ƙeƙe-da-ƙeƙe ko mai gidan ma yana ba shi wani abu. Wanda ke karɓa ta ɓangare biyu ba naka ba ne, komai daɗin bakinsa. Wasu wurare sun sa iyaka: a Jamus, la'adar da ɗan haya zai biya dillalinsa ba ta wuce hayar wata biyu, ban da haraji.

Akwai kuma kamfanonin da sana'arsu ke nan, taimaka wa ma'aikata ƙaura, tun daga neman gida har makarantar yara. Suna da tsada, amma sau da yawa ma'aikatar da ta ɗauke ka ce ke biya. Ka tambayi ofishin kula da ma'aikata kafin ka taɓa aljihunka.

Kamfanonin da ke kula da manyan gine-gine suna da nasu daɗin. Farashi a rubuce yake, sau da yawa babu la'ada tunda da ofishinsu kake magana kai tsaye, kuma in famfo ya lalace akwai lambar da za a kira. Matsalarsu ita ce ba sa sassauci. Suna da ma'auni, in ba ka cika shi ba sai su wuce ka, ko da kuɗinka a hannu. A New York an saba neman albashin shekara ya ninka hayar wata sau 40. A Faransa ana yawan neman albashin wata ya kai ninki uku na haya, a kuma nemi wanda zai tsaya maka. A Jamus za a ce ka kawo takardar Schufa, wadda ke nuna tarihin biyan bashinka. Baƙon da ya sauka jiya ina ya ga wannan tarihi? Ba shi da bashi ko ɗaya, amma a idon kamfani rashin tarihi ma aibi ne. A nan ne dillali nagari ke cin halaliyarsa, domin ya san wane mai gida ne zai gamsu da takardar ɗaukar aiki da bayanan banki na 'yan watanni, wane ne kuma zai karɓi kamfanin da ke tsaya wa 'yan haya a kan wani ɗan kaso. Ko wace hanya ka zaɓa, ka haɗa waɗannan takardu tun kafin ka taso: shaidar kai, takardar aiki mai nuna albashi, bayanan banki, da wasiƙa daga tsohon mai gidanka. A birnin da gidaje ke ƙaranci, wanda ya miƙa cikakkun takardu a ranar da aka ga gida shi ke ɗauka.

Saura neman mai gida kai tsaye, ta shafukan tallar gidaje, ko kafafen sada zumunta, ko ta abokan aiki. Ita ce mafi sauƙin kuɗi, kuma idan ta hanyar wanda ka sani ne, babu kamarta. Daga nesa kuwa ita ce mafi haɗari. Salon 'yan damfara kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Za ka ga hotuna masu kyau, kuɗi ƙasa da na sauran gidajen unguwar. Ka tura saƙo, amsa ta zo nan take cikin ladabi: mai gidan ya yi tafiya ƙasar waje, ba zai samu nuna maka ba, amma da ka tura kuɗin ajiya zai aiko da makulli, ka dai hanzarta don akwai wasu da ke so. Hotunan na gidan wani ne aka kwafo. Ana iya gane haka ta hanyar saka hoton a manhajar binciken hotuna, a ga inda ya taɓa fitowa. In dole sai ka duba daga nesa, kada ka yarda da bidiyon da aka riga aka ɗauka. Ka nemi a yi kiran bidiyo kai tsaye, ya fara daga bakin titi ya nuna lambar gidan, ya buɗe ƙofa da makulli kana gani, ya kunna famfo, ya buɗe taga ka ji ƙarar waje. Mai gaskiya ba ya ƙin wannan. Sunan da ke asusun banki kuma ya zama shi ne a takardar yarjejeniya, ko sunan kamfanin da ka tabbatar da rajistarsa.

Da ni za a bi, baƙo ba zai sa hannu a hayar shekara ba tun bai taka garin ba, don cinikin biri a sama ne. Gara ya kama masauki mai kayan ɗaki na wata guda. Lissafin kwana-kwana zai nuna tsada, amma bai kai asarar zaman shekara a unguwar da ba ta dace ba. Cikin wannan watan zai gwada hanyar zuwa aiki da safe lokacin cunkoso, ba ranar hutu da titi yake fayau ba, zai ji abin da abokan aiki ke faɗa a kan unguwanni, ya kuma gwada dillalai biyu ko uku ya ga wanda ke sauraro. Alamar tana fitowa da wuri: ka ce ɗaki biyu kusa da tashar jirgi, ya kai ka ɗaki uku a bayan gari yana cewa “ai wannan ya fi”. Wannan abin da ke hannunsa yake son rabuwa da shi.

Ranar ganin gida kada ka bari surutun dillali ya ɗauke maka hankali. Ka shaƙi iskar ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Bango ɗaya tak da sabon fenti abin tambaya ne, don sau da yawa danshi aka rufe. Ka duba ƙarfin ruwa a banɗaki, ka duba ko waya na kamawa a ɗakin ciki, ka kuma dawo da dare ka ga yadda layin yake. Ka tambayi abin da kuɗin haya ya ƙunsa. A Jamus, alal misali, kuɗin da ake tallatawa sau da yawa bai haɗa da na ɗumama ɗaki da ruwa da shara ba, kuma ba abin mamaki ba ne ka tarar da kicin babu murhu babu kabad, sai bututu a bango.

Kuɗin ajiya ma yana da iyaka a wurare da dama. A Ingila hayar mako biyar ce idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuma dole a saka shi cikin tsarin ajiya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Kafin alƙalamin riƙe gida kuwa ba ya wuce hayar mako ɗaya. A Jamus wata uku ne, ana iya biya kashi uku. A Faransa wata ɗaya ne ga gidan da babu kaya, wata biyu ga mai kaya. A jihar New York wata ɗaya ne tun 2019. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit mai faɗin na mene ne, da ko yana dawowa. Ranar karɓar makulli ka ɗauki hoton kowane tabo da tsaga da lambar mita, ka aika wa dillali a ranar.

Alƙawarin da dillali ya yi da baki, za a gyara taga, za a canza famfo, a shigar da shi cikin yarjejeniya da ranar da za a yi. Kuma tunda aiki ne ya kawo ka, aiki na iya sake ɗauke ka kafin wa'adi ya cika. Ka nemi a saka sharaɗin da zai ba ka damar fita da sanarwar wata ɗaya ko biyu idan aka yi maka canji. Dillalin mai gida ba zai kawo wannan maganar da kansa ba, amma masu gidaje da yawa kan yarda idan aka nema kafin a sa hannu.