NVDA a kafenmu: manhajar ta yi, shafukanmu ne ba su yi ba

Jama'a wannan manhajar NVDA da muka saka a ɗaya daga cikin kwamfutocin kafenmu, in dai don aikinta ne wallahi ba ni da abin cewa sai sam barka. Ga wanda bai santa ba, manhaja ce da ke karanta wa mai lalurar gani duk abin da ke kan sikirin da murya, shi kuma yana tuƙa kwamfutar da kibod kaɗai, ba ruwansa da maus. Wani ɗan Ostireliya ne Michael Curran ya fara ta a 2006, James Teh ya zo ya haɗu da shi, dukkansu makafi ne, kuma har yau ƙungiyarsu NV Access ce ke kula da ita. Kyauta ce, ko sisi ba ka biya. Wanda ya taɓa tambayar kuɗin lasisin JAWS, wata manhajar mai irin wannan aikin wadda da dala ake sayenta, shi zai gane abin da nake nufi, ballantana yadda dala take yanzu.

Dalilin saka ta kuwa, akwai wani malami mai lalurar gani da ke zuwa wajenmu cike fom da duba imel, kullum sai an zaunar masa da yaro yana karanta masa, har kalmar sirrinsa sai ya faɗa da baki gaban mutane. Shi ne ya ce min, Malam ka sauke min NVDA a wancan injin na lungu, ni zan yi abina. Saukewar ba ta cin data sosai, girkawar ma 'yan mintuna ne, kuma akwai wani abu da ya burge ni, za ka iya zuba ta a filashi ka tafi da ita, duk kwamfutar da ka soka ta tashi ba sai an girka ba, in dai Windows ce. Don ita fa Windows kawai ta sani. Masu waya TalkBack ne nasu a Android, masu iPhone kuma VoiceOver.

In ka zauna kusa da shi yana aiki sai ka riƙe baki. Ya ƙure gudun muryar har ni ba na tsintar kalma ɗaya, shi kuma yana ji tsaf. Ya danna H ta tsallaka daga kanu zuwa kanu, K ta kai shi linki na gaba, B maɓalli, F gurbin fom, in ta cika surutu ya taɓa Control ta yi gum. Insert da F7 kuma ta jero masa duk linkunan shafin a wuri guda ya zaɓi wanda yake so. A Wikipedia na ga ya isa sashen da yake nema kafin ni da nake da ido in gama gungurawa.

To amma fa duk wannan sai in wanda ya haɗa shafin ya yi aikinsa yadda ya kamata, kuma nan ne takaicin yake. Akwai wani shafin neman tallafin karatu da muka shiga, ba sai na kama suna ba, malam ya danna H muryar ta ce babu kanu ko ɗaya, alhali ga rubutu manya manya a kan sikirin, ashe mai shafin ƙara girman harufa kawai ya yi ya shafa musu kala bai sa musu alamar kanu a kod ɗin ba. Ya koma B, sai ji kake “button, button, button”, maɓalli uku ba wanda ke da suna, ɗaya na turawa ne ɗaya na goge duk abin da ka cike, kamar a miƙo maka kwalaben magani an ɓare takardunsu a ce zaɓi ka sha. Gurbin ranar haihuwa kuwa kalanda ce da sai da maus take buɗuwa. Da ƙyar muka kai ƙarshe sai ga hoton nan na karkatattun harufa wai a rubuta don a tabbatar mutum ne, babu zaɓin saurare ko kaɗan. Malam ya zare hedfon ya ce, to Malam zo ka ara min idonka. Yaron da muka sallama dai shi aka sake kira.

Wani abin kuma da masu shafukanmu suka ɗaure wa gindi shi ne sanarwa a hoto. Jadawali hoto, sunayen waɗanda aka ɗauka hoto, PDF ɗin ma takarda ce aka ɗauka da waya aka liƙa. NVDA na da dabara a nan, Insert da R tana gwada karanto rubutun da ke cikin hoton, in hoton ya fita fes tana ƙoƙari, in kuwa an ɗauke shi a karkace da inuwar yatsa a gefe sai shirme.

Inda ban ba ta cikakken maki ba shi ne Hausa. Muryoyin da ke injinmu na Turanci ne, don haka in ta shiga labarin Hausa sai ta karanta shi da lafazin Bature, harufa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ su ne suka fi shan wuya. Malam ya saba, yana ganewa har yana dariya, amma yaron da bai yi nisa a boko ba, shi kam zai sha wahala kafin kunnensa ya faɗa. Umarninta ma sai an zauna an haddace, ba abin rana ɗaya ba ne.

Masu haɗa shafuka, ku nake so ku fi kowa sauke ta. Ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu lalura amfani da shafuka a rubuce suke, sunansu WCAG, na ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, na 2.2 ya fito tun Oktoban 2023, kuma yawancin gyaran ba na kuɗi ba ne, ka sa wa hoto bayani, ka ba maɓalli suna, ka haɗa kowane gurbi da lakabinsa, ka daina sa rubutu toka toka a kan fari don masu raunin gani, ka sa wa bidiyo rubutu a ƙasa don kurame. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya Buhari ya sa mata hannu tun Janairun 2019, amma in ana zancenta kowa tunaninsa matakala da ƙofar ofis, an manta yanzu ofisoshi da yawa sun koma intanet. Kafin ka miƙa wa mai aiki shafinsa ka ture maus gefe, ka kunna NVDA, ka gwada cike fom ɗin da kanka. In muryar ta dame ka akwai Speech Viewer a cikin menu ɗinta, tana rubuto maka duk abin da take faɗa.

Masu kafe kuma ku sauke ta daga shafin NV Access kai tsaye, ku bar na 'yan tura fayil a WhatsApp. Ku tanadi hedfon mai kyau wanda ke rufe kunne, don a sifika kowa a shagon zai ji imel ɗin mutum, sannan janareta in ya tashi ba a jin muryar da ƙaramin iyafis.