Sharhi: Mai gyaran jita da ke fara leƙa ciki kafin ya taɓa komai

Jitar ta kawuna ce, Yamaha FG-180, irin mai jar takarda a ciki da aka rubuta Nippon Gakki, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1966. Tun shigowar hunturu take wani zuza idan an kaɗa tsirkiya mai kauri. Aka yi mani kwatancen wani dattijo a wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, asalinsa kafinta ne, yanzu kayan kiɗa yake gyarawa.

Abin da ya burge ni, bai yi gaggawar faɗin kuɗi ba. Sai da ya sassauta tsirkiyoyin duka, ya zura ɗan madubi da tocila ta ramin da ke fuskar jitar, ya ce, "Zo ka gani da idonka, yaro, kada gobe ka ce Baba ya cuce ka."

Ashe ƙarƙashin fuskar jita akwai siraran katakai da aka manna, kamar azara a rufin soro. Manya biyu sun gitta juna a ƙasan ramin, tsarin da kamfanin Martin na Amurka ya yi fice da shi tun shekarun 1840. Su ke riƙe fuskar, domin tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jakin, wato ɗan katakon da aka ɗaure su a kai, da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana. Baba ya bi fuskar yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa har ya iso inda sautin ya mutu. Ya tura wata siririyar wuƙa a wurin, ta shige ƙarƙashin katakon. Gam ya saki. Ya kuma nuna mani ɗan allon da ke ƙarƙashin jaki, inda kawunan tsirkiyoyi suka fara cin katako, da wani busasshen sufa gulu da wani ya taɓa ɗurawa a can baya. Wannan ya fi ɓata masa rai. Ya ce kankare shi ya fi gyaran kansa wahala.

A cewarsa, da fuskar falle ɗaya ce da tuni bushewar Katsina ta tsaga ta. Wannan kuwa falle-falle aka haɗa, shi ya cece ta. Katakon jita ya fi son danshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, abin da hunturunmu bai sani ba. Shawararsa: a riƙa ajiye ta cikin akwatinta da ɗan soso mai laima a leda mai huji, kuma kada a bar ta cikin mota.

Ya sa gam na katako, ya matse wurin ta ciki, zuzan ya ɗauke.

Inda na ga gazawarsa: ba ya cika alkawarin rana, waya kuma sai ya ga dama yake ɗauka. Shagon ma ƙura ce ko'ina, ka je da akwatinka. Kuɗin dubawa daban yake karɓa, ko an yi gyara ko ba a yi ba, kuma ni ban ga laifin hakan ba. Mai shirin sayen tsohuwar jita ta gwanjo ya roƙi mai ita su je wurin Baba tare kafin a yi ciniki.