Gargaɗi ga 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada kan damfarar masu gyaran na'urar ɗumama gida

Da zarar watan Oktoba ya kama a Minisota, Shikago, Toronto ko Winipeg, takardun talla sukan fara cika akwatunan wasiƙa, wasu kuma su biyo ta Facebook ko ta waya, ana tayin zuwa a duba wa mutum na'urar ɗumama gida, wato fanes, a kan dala 29 ko 39 kacal. Ina jan hankalin 'yan'uwanmu da suka mallaki gida a waɗannan ƙasashe, musamman waɗanda ba su daɗe da saye ba, cewa wannan kuɗin bai isa ya biya man mota da lokacin ma'aikaci ba. Ba duk mai yin araha ne macuci ba, amma akwai kamfanonin da burinsu kawai ƙafar ma'aikacinsu ta taka ɗakin ƙasa inda na'urar take, domin da yawansu kamasho suke ba shi a kan duk abin da ya sayar.

Kafin a gane damfarar sai an san yadda na'urar ke aiki. Gas yana ci da wuta a cikin wasu bututan ƙarfe da ke rufe ruf, fanka kuma tana hura iskar gida ta bayan bututan, iskar ta ɗauki zafi ta bi hanyoyinta zuwa ɗakuna, hayaƙin kuma ya fita waje ta mafitarsa. Bangon waɗannan bututan shi ne ya raba hayaƙi da iskar da iyali ke shaƙa, kuma idan ya tsage, iskar kabon monoksaid mai guba, wadda ba ta da launi ko wari, tana iya samun hanyar shiga gida.

A nan ne macucin ke kafa tarkonsa. Zai sauka ƙasa ya yi 'yan mintoci, sai ya hauro fuska a murtuke yana riƙe da waya, ya nuna wa maigida hoton wani ƙarfe mai tsatsa da tsaga a jikinsa, ya ce: "Maigida, yara nawa ne ke kwana a gidan nan? Ni dai ba zan bar iyalina su kwana da wannan ba." Daga nan zai rufe gas, ya rataya jar takarda a jikin na'urar, alamar cewa tana da hatsari, sannan ya ce an yi sa'a akwai sabuwa a rumbunsu da za a iya kafawa gobe da safe, amma rangwamen na yau ne kaɗai. A waje kuwa dusar ƙanƙara na zuba, ɗakuna sun fara sanyi, uwargida na tsaye da goyo tana sauraro. Hoton da aka nuna zai iya kasancewa na wani gida ne dabam, wanda ya daɗe a wayar ana nuna wa mutane, kuma wanda bai taɓa leƙa cikin fanes ba ba shi da yadda zai bambance.

Ba na so kowa ya ɗauka cewa hatsarin kansa ƙarya ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ce fiye da mutum 400 ne ke mutuwa a ƙasar duk shekara sanadiyyar shaƙar wannan iska bisa tsautsayi, ban da waɗanda gobara ta halaka. Bututan suna tsagewa da gaske, musamman a na'urar da ta haura shekara 15 ko 20, kuma a wurare irin su lardin Ontariyo na Kanada doka ce ta wajabta wa mai gyara mai lasisi ya rufe na'urar da ya ga tana da hatsari. Abin da ya sa damfarar ke cin mutane ke nan: an jingina ta a kan gaskiyar da babu magidancin da zai yi wasa da ita. Saboda haka wanda aka rufe wa na'ura kada ya sake kunna ta da kansa don nuna jarumta, kuma kada ya sa hannu a kan kowace takardar ciniki a wannan daren.

Abin da ya dace shi ne maigida ya sauka tare da mai gyaran, ya ce a nuna masa tsagar a jikin na'urarsa, da idonsa ko ta 'yar kyamarar da suke zurawa ciki, yana kallo kai tsaye. Ya nemi a auna hayaƙin da iskar da ke fita zuwa ɗakuna a gabansa, a rubuta masa adadin da ma'aunin ya nuna, tare da sunan ma'aikacin da lambar lasisinsa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan buƙata, hasali ma shi zai fara kiran ka ka zo ka gani. Sannan a kira wani kamfani dabam wanda ba shi da alaƙa da na farko ya duba. Jar takarda ba ta tilasta wa kowa ya sayi sabuwar na'ura daga hannun wanda ya rataya ta.

Yawancin abin da ke hana fanes aiki ƙananan abubuwa ne. Na farko shi ne matatar iska, wato filta, wadda ake sayarwa dala 10 zuwa 30 kuma ya kamata a canza ta duk bayan wata ɗaya zuwa uku. Idan ƙura ta toshe ta, na'urar takan yi zafi fiye da kima ta kashe kanta, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Akwai kuma wata 'yar siririyar sandar ƙarfe da ke tabbatar da cewa wuta ta kama, wadda idan datti ya lulluɓe ta za ka ji wutar ta tashi sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi, kuma sau da yawa gogewa kawai take buƙata. Wani lokaci batirin ma'aunin zafi na bango ne ya ƙare, ko wani ya kashe makunnin da ke kusa da na'urar yana zaton na fitila ne, ko kuma dusar ƙanƙara ce ta toshe fararen bututan roba da ke fita ta gefen gida. Mafi yawan na'urorin zamani suna da 'yar fitila mai ƙiftawa a ciki, kuma ma'anar yawan ƙiftawar tana rubuce a jikin murfin, don haka maigida zai iya sanin inda matsalar ta dosa tun kafin ya ɗaga waya.

Farashi yana bambanta daga gari zuwa gari, kuma kiran dare ko na ƙarshen mako ya fi tsada, amma a Amurka kuɗin zuwan mai gyara da gano matsala yakan kama daga kusan dala 75 zuwa 200. Canza abin kunna wuta ko waccan 'yar sandar aikin 'yan ɗaruruwan daloli ne, injin fanka kan kai ɗaruruwa masu yawa har ya haura dubu, canza bututan wutar kansu yakan wuce dubu ɗaya, sabuwar na'ura da kafawa kuma dubbai ce. Tsakanin gyaran dala 200 da cinikin dala 8,000 akwai ratar da ta isa ta sa marar tsoron Allah ya ga tsagar da babu ita. Wani abin da ba sa son faɗa kuma shi ne garanti: manyan kamfanonin ƙera fanes sukan ba da garantin shekara 20 ko fiye a kan waɗannan bututan, don haka ko tsagar gaskiya ce, a duba lambar da ke jikin na'urar a tuntuɓi kamfanin da ya ƙera ta, domin mai yiwuwa kuɗin aiki kawai za a biya.

Ɓarnar da ta fi daɗewa tana cikin takardu. Ana miƙo wa mutum allon waya a ce ya sa hannu da yatsa don a soma aiki, alhali yarjejeniyar bashi ce mai ruwa ko ta hayar na'ura ta shekara 10 zuwa 15, wadda jimillar kuɗinta ta ninka farashin saye. A Ontariyo abin ya yi ƙamari har gwamnati ta haramta bi gida-gida ana tallan fanes da tukunyar ruwan zafi daga 1 ga Maris 2018, sannan a 2024 ta haramta maƙala wa takardar mallakar gida shaidar bashin irin waɗannan kayayyaki, bayan mutane da dama sun tarar da ita sai da suka zo sayar da gidajensu. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce daga kamfanin gas ko daga gwamnati yake, yana neman ganin takardar biyan kuɗin gas, a bar shi a waje a kira lambar da ke jikin takardar a tambaya. Wanda ya riga ya sa hannu kuma kada ya yi shiru don kunya: dokar Ontariyo ta ba da kwana 10 na janyewa daga cinikin da aka ƙulla a gida, dokar tarayya ta Amurka kuma ta ba da ranakun aiki 3 a irin wannan ciniki, sai dai a kula da wata takarda da ake turo wa mutum ya rubuta cewa gaggawa ce kuma ya yafe wannan haƙƙin.

Mai zaman haya ba shi da hurumin biyan kowane mai gyara, domin ɗumama gida nauyin mai gidan ne. A birnin Niyok doka ta wajabta masa hakan daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, kuma ana kai ƙara ta lambar 311. Masu ƙaramin ƙarfi a Amurka su nemi shirin LIHEAP na jiharsu, wato tallafin gwamnati na kuɗin ɗumama gida, wanda a jihohi da dama yake taimakawa wajen gyaran gaggawa.

Saura daren da za a kwana ba fanes ana jiran mai duba na biyu. Don Allah kada a hura gawayi a kasko cikin ɗaki yadda muka saba a gida lokacin hunturu, kada kuma a buɗe murhun gas don ɗumi, domin gidajen nan a toshe suke ta ko'ina, gubar ba ta da mafita. Hita ta lantarki a jona ta kai tsaye a bango, nesa da labule da katifa, a kashe ta kafin barci. Gobarar da ta ci rayuka 17 a wani bene na unguwar Bronx ta birnin Niyok a Janairun 2022, akasarinsu 'yan asalin Gambiya, daga irin wannan hita ta tashi. Idan sanyin ya fi ƙarfin yara, a kai su gidan ɗan'uwa su kwana. A kuma sa na'urar ƙararrawar kabon monoksaid a kowane bene da kusa da ɗakunan kwana, wadda kuɗinta bai wuce dala 20 zuwa 50 ba, kuma idan ta yi ƙara kowa ya fita waje tukuna sannan a kira 911.