Koha a gida ko ajiya wurin kamfani: wanne ya fi rufa wa masu aro asiri?

Malama, kin ce laburarenku a Gusau zai bar rajistar takarda, kina tambaya ko ku ɗora Koha, manhajar rajistar littattafai da masu aro, a kwamfutarku, ko ku ba wani kamfani ya riƙe muku bayanan a intanet.

Babban sirrin da ke hannunki shi ne jerin abin da mutum ya ara, ya fi suna da lambar waya nauyi. Matar da ta ɗauko littafi kan rashin haihuwa ko ƙanjamau, ta miƙo miki shi a kife don kada na bayanta ya ga bangon, amana ta ba ki. A garin da kowa ya san gidan kowa, layi ɗaya in ya fita ya isa ya taɓa mata aure.

Koha kyauta ce, kuma bayanai suna nan ɗakinku. Tana da saitin da ke cire sunan mai aro daga tarihin littafi bayan ya mayar. Wahalarta wuta, sola da batir, da wanda zai riƙa sabunta ta yana ajiye kwafi. Ɓarakar da na fi gani a irin wannan tsari daga cikin gida take: kalmar sirri ɗaya ga dukan ma'aikata, an rubuta ta a takarda an manna jikin kwamfuta.

Kamfani zai sauke muku wannan nauyi, sai dai ba ku ganin abin da ake yi a can. A 2014 aka gano manhajar karanta littattafai ta Adobe Digital Editions tana aika wa kamfaninta sunan littafin da mutum ke karantawa da shafukan da ya buɗe, ba a ma kulle saƙon ba. Kuma a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, ko kamfani ne ke riƙe da bayanan, alhakin yana wuyanku. In suka fita ta yadda za su cutar da mutane, awa 72 gare ku ku sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC.

Ni dai in kuna da ma'aikaci tsayayye da ya iya kwamfuta, Koha zan ɗauka, kowa da kalmar sirrinsa. In babu, ku je wa kamfani, amma kada ki sa hannu sai an rubuta ƙasar da bayanan za su zauna, da cewa ba za a sayar ko a ba wani ba, da ranar da za a goge su in kun rabu. Lambar NIN kuwa kada ma ku karɓa, lambar katin laburare ta isa.