Wane ƙaramin babur za ka saya a Legas idan kai ne bakaniken kanka?

Ɗan yayata da ke taya ni zaman shago a Agege ya tara 'yan kuɗinsa, ya same ni bayan sallar la'asar ya ce, "Kawu, ƙaramin babur nake so, na zuwa kasuwa da dawowa. Wanne ya fi?" Na ce masa ya ajiye maganar wanne ya fi kyau, ya fara tambayar wanne zai iya kwancewa da hannunsa a ƙofar gida ranar da ya ƙi tashi. Don kuwa zai ƙi tashi, a garin da ruwan sama na awa ɗaya ke mayar da layi kogi. Ga shi tun da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba, da yawa daga masu gyaran da na sani sun bi 'yan acaba sun yi gaba. Waɗanda suka rage kuwa, kuɗin taɓa babur kawai sai ya sa ka yi salati.

Ni dai ba na ɓoyewa, nawa zaɓin shi ne roba-roba mai inji 110cc, irin wanda mutanenmu ke kira Lifan ko da kuwa Jincheng ne ko Haojue aka rubuta a jikinsa. Mai giya a ƙafa, babu kulochin hannu, sarƙa ce ke jan tayar baya. Injin nan kwaikwayo ne na Honda Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda zuwa 2017 an yi sama da miliyan 100. Abin da ya daɗe haka a duniya babu sauran sirri a cikinsa. Kan injin a kwance yake yana kallon tayar gaba, fulogi yana waje kana ganinsa ba sai ka cire komai ba. Da sufana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, da abin kwance fulogi, da sukundireba biyu da filaya, ka gama mallakar garejinka.

Bari in ba da misali da safiyar da aka kwana ana ruwa. Ka fito, ka danna sitata, shiru. A wannan babur ba ka damu ba, ga kik nan, kuma yawancinsu wutar fulogi daga kwayil ɗin cikin inji take zuwa, don haka ko batir ya mutu murus zai tashi da ƙafa. Idan ka buga sau biyar bai ce komai ba, sai ka kwance fulogi ka mayar masa da hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji, ka buga kik kana kallo. Wuta shuɗiya mai ƙara tas-tas, lafiya lau. Ja-ja mai sanyi ko babu gaba ɗaya, matsalar ta wuta ce. Idan wuta na nan amma bakin fulogi a bushe, mai ne bai iso ba. A ƙasan kabireta akwai wani ɗan sukuru, ka sassauta shi ka tara murfin gora. Ranar farko da na yi haka na ga ruwa ya kwanta a ƙasan murfin kamar ƙwayar ido, fetur yana yawo a samansa. Na tsiyaye, na ɗaure, bugu biyu ya tashi. Duk aikin bai kai lokacin da mai shayi ke soya ƙwai ba.

Sauran hidimarsa ma ba ta da wuya. Baƙin mai bai cika lita ɗaya ba, wajen kashi takwas cikin goma yake sha. Soson da ke tace iska sai a wanke a shanya. Sarƙa in ta yi sako-sako, noti biyu ne a baya. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai: kulochin wannan inji a cikin mai yake wanka, saboda haka a nemi man babur mai rubutun JASO MA a jikin gwangwani, kamar 20W-50. Wasu mayukan mota santsinsu ya yi yawa, sai ka ji inji na kuka babur ba ya gaba.

Irin babur na biyu shi ne mai bel, wanda babu giya, murɗa kawai ka tafi. Yawancin na China injin da ake kira GY6 ne a cikinsu, 125cc ko 150cc. Daɗin hawa a cikin gosulo ba a magana, ga wurin ajiye kaya a ƙarƙashin kujera. Amma kafin ka ga fulogi sai ka tuɓe masa riga, kuma kowace roba da ka cire sai wani kunnenta ya karye. Bel ɗin yana ƙasa-ƙasa daf da ruwa, da ya jiƙe sai ya fara sulɓi a tsakiyar titi. Canza shi kuma yana son abin riƙe fuli wanda ba kowa ke da shi a gida ba, ga lambobi iri-iri, 743 ne ko 835 ko 842, in ka kuskure ɗaya ka yi asarar kuɗin mota. Wanda ba ya tsoron wannan, ba laifi.

'Yan gwanjon Japan masu 50cc da ba su da kabireta, kwamfuta ke ba su mai, kyau kamar ka sa a falo, amma ranar da famfon mai ya mutu sai dai ka sa shi a falon. Na Indiya suna da ƙarko, kayansu ne ba a kowane lungu ba. Mai caji kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ke sha'awarsa, sai dai ni ba na sayen abin da in ya lalace ba ni da abin yi sai kallo.

To amma duk wannan ba shi ne abin da ya fi ci mini rai ba. Kayan gyara na jabu su ne suka taɓa kwantar mini da babur wata guda, kuma har yau in na tuna sai na ji zafi.

Abin ya faro ne daga fulogi. Wanda ya dace da waɗannan injina shi ne NGK C7HSA, tazarar bakinsa tsakanin 0.6 da 0.7 na milimita. Na shiga wani shago, yaron ya miƙo mini a kwali mai sheƙi, ya ce, "Alhaji, orijina ne, daga Japan." Kwana huɗu babur ya fara tari in ya yi zafi. Da yake fulogin sabo ne ban zarge shi ba. Na wanke kabireta sau uku. Na sayi sabon kwayil. Na canza akwatin wuta na CDI, shi ma ashe ba irin nawa aka ba ni ba, don akwai mai aiki da wutar inji akwai mai aiki da wutar batir, kuma ido ba ya rabe su sai an duba lamba da wayoyi. Sai da wani dattijo mai gyara ya karɓi fulogin, ya taɓa zoben da ke gindin zarensa da farce, zoben ya zame ya faɗo tafin hannunsa. Ya ce, "Ɗana, na gaske zobensa ba ya fita haka." Ya nuna mini rubutun jikin farin, ya ɗan karkace, tawadar ta yi ɓoro-ɓoro, kuma babu 'yar lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen. Ya ɗauko tsohon fulogi daga cikin gwangwanin madara ya ɗaura, babur ya tashi yana waƙa.

Tun daga ranar na koyi tafiya da tsohon abu a aljihu. Ko kasuwar kayan gyara ta Ladipo za ka ko ta ASPAMDA da ke Trade Fair, ka ɗora tsohon da sabon a tafin hannu ka ji nauyinsu. Ɗan kasuwar kirki da kansa zai ce maka kaya hawa-hawa ne, ga na ɗaya ga na biyu, ga kuɗin kowanne. Wanda ya rantse tun ba ka tambaya ba, kuma ya sauko rabin kuɗi da ka juya baya, ka ci gaba da tafiyarka.

Baƙin mai na jabu ya fi fulogi haɗari, don shi ba ya tari, kashewa yake a hankali. Ana tattara tsofaffin galan a cika su da man da aka tace daga na juye, a manna murfi. Ka duba hatimin murfi ko an taɓa ɓalle shi, ka ɗiga a yatsa ka shinshina, in ka ji ƙauri ko ka ga baƙi-baƙi a gindin gora ka mayar. Ni yanzu a gidan mai ko wurin babban dila kawai nake saye, kuma in na juye sai na huda galan ɗin da wuƙa kafin in yar. Batir ma haka. Na sayi 'yar mita ta awon wuta saboda wani da aka taɓa sayar mini wanda aka goge aka yi wa caji na yini ɗaya. Lafiyayye in yana zaune ya nuna wajen volt 12.6, in inji na aiki ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, ba batir ne mai laifi ba, cajin babur ne, kada a sa ka sayi sabo a banza. Takalmin birki na jabu kuwa ruwa ɗaya ya isa ya ɓamɓare fatar daga ƙarfen, kuma a kan gangara za ka gane.

Har babur ɗin kansa ana yi masa kwalliya. Sabuwar roba a kan tsohon inji, mita an mayar baya. In na hannu za ka saya, ka je da sassafe ka dafa injin, in da ɗumi an riga an tayar da shi kafin ka zo, ka ce za ka dawo gobe. Ka sa yatsa a bakin salansa, in ya fito da maiƙo ringi ya tafi. Ka gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke takarda harafi-harafi, don a garin nan babur mara takarda ba naka ba ne. Ka kuma sani dokar sufuri ta jihar ta 2018 ba ta bar wanda bai kai 200cc ba ya hau manyan tituna, na cikin unguwa ne, da hular kwano a kai.

Yaron dai ya sayi 110 ɗin, ja, na hannu. Makon jiya na leƙo da safe na same shi tsugune da murfin gora a ƙarƙashin kabireta, ya ɗago ya ce, "Kawu, zo ka ga ruwan."