Sharhi kan hanyar Arakawa zuwa bishiyar Jomon Sugi

Tafiyar ganin Jomon Sugi, wata ƙatuwar tsohuwar bishiya a tsibirin Yakushima na kudancin Japan ta cancanci wahalarta, amma da sharaɗi: kada a wuce kufan ƙauyen Kosugidani da ke kan hanyar a guje. Daga mashigar Arakawa zuwa bishiyar, tafiya da dawowa, kusan kilomita 22 ne, wajen awa goma ga mai matsakaicin ƙarfi. Daga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba ba a barin motocin mutane su shiga, sai bas da ke tashi daga gidan tarihi na Yakusugi tun da asuba.

Kilomita takwas na farko a kan tsohon layin dogo ake yi, wanda aka shimfiɗa don fitar da katako. Babu hawa sosai, shi ya sa mutane ke sakin jiki. To, a nan ake faɗuwa. Ruwan sama ba ya rabuwa da tsibirin, katakon da aka jera tsakanin ƙarafan kuwa santsi gare shi kamar an shafa masa sabulu. Takalmin hawan dutse mai ƙwari da rigar ruwa haɗe da wandonta dole ne, lema ba ta wadatarwa.

A kan wannan layi Kosugidani take, ƙauyen masu sarar katako da aka tashe shi a 1970. Filin makarantarsu na nan, gansakuka ta lulluɓe duwatsun harsashi, bishiyoyi sun tsiro inda yara suka yi wasa. A ganina nan ne ake gane dajin: an sare shi, ya sake tashi a kan kututturan da aka bari. Kututturen Wilson, ragowar wata ƙatuwar bishiya da aka sare can gaba da ƙarshen layin, shi ma shaida ne. Cikinsa rami ne da ke ɗaukar mutane da yawa, kuma daga wani lungu in ka ɗaga kai sararin sama na fitowa da siffar zuciya.

Inda layin ya ƙare hawa ke farawa, matakalar katako da saiwoyi. Banɗaki na ƙarshe na nan, a yi amfani da shi. Jomon Sugi, wadda kewayen gangar jikinta ya kai mita 16.4, daga dandamali ake kallonta, ba a taɓa ta, don takun jama'a na lalata saiwoyi. Wanda bai juyo daga can ba kafin ƙarfe ɗaya na rana, duhu zai same shi a kan layin dogo, bas na ƙarshe kuma ba ya jira.