Tallafin Ho na masu karatun digirin digirgir a fannin addinin Buddha, yadda na gan shi

Ni dai ba fannina ba ne, tarihi nake karantawa, amma ofis ɗaya muke zama da wata 'yar Siri Lanka da take rubuta kundinta a kan tsofaffin rubuce-rubucen harshen Pali, wato harshen tsofaffin littattafan addinin Buddha, kuma a gabana ta nemi tallafin nan tun daga cike fom har ranar da saƙo ya shigo mata, shi ya sa na ce bari in ɗan faɗi abin da na gani.

Kuɗin na gidauniyar iyalan Robert H. N. Ho ne, wadda aka kafa a Hong Kong a 2005, amma masu karɓar takardu da tantancewa ACLS ne, wata tsohuwar ƙungiyar masana da ke New York wadda aka kafa a 1919. Lokacin da ta nema dala 30,000 suke bayarwa na wata goma, kuma wajen watan Nuwamba ake rufe karɓa. Abin da ya fi burge ni wallahi ba ruwansu da fasfo ɗinka ko ƙasar da jami'arka take, in dai ka gama komai saura kundi kawai to ƙofa a buɗe take, kuma kundin kana iya rubuta shi da kowane harshe, takardar neman ce dai dole sai da Turanci.

To amma fa kuɗin ba shi ne labarin ba, lokaci suke saya maka. Sharaɗinsu shi ne wata goman nan ka ajiye duk wani aiki ka rungumi kundi shi kaɗai. Baiwar Allahn nan kafin ta samu aji biyu take koyarwa, ga makin takardun yara, sai bayan isha'i take buɗe nata aikin idonta ya yi jajir. Ta taɓa nuna min hoton shafi ɗaya a kwamfuta, ganyen wani irin giginya ne siriri dogo, an huda shi an zura zare, haruffan Sinhala, rubutun mutanen Siri Lanka, zagaye-zagaye kamar an watsa gero, gefe guda kuma ƙwari sun cinye. Layi bakwai ne kacal amma kwana uku ta yi a kansu tana gwada su da bugun Pali Text Society, ƙungiyar da ke buga littattafan Pali. Sai ya tuna min wahalar karanta tsohon ajami da ruwa ya taɓa. Irin wannan aiki ba a yinsa da ragowar dare gaskiya.

Inda na ga ƙunci shi ne shafukan da ake ba ka ka bayyana bincikenka 'yan kaɗan ne, ita sau nawa tana yankewa tana ƙunƙuni, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba ko da ya sha harsunan Sanskrit da Tibet an riga an tsere masa tun a nan. Sannan wata goma ga mai zuwa ɗakunan ibada neman izinin ganin takardu, kafin ya saba da mutane rabin lokacin ya tafi. Wasiƙun malamai ma a fara bin su da wuri, kun san halin manya da mantuwa.

Duk da haka in ana ba da maki zan ba su huɗu cikin biyar. Wanda yake nazarin addinai kuma bincikensa da gaske a kan Buddha yake ya gwada, amma kar mutum ya liƙa sunan Buddha a babi ɗaya don ya ci kuɗi, masu tantancewar 'yan fannin ne nan take za su gano. Ita kam yanzu tana garin Kandy a Siri Lanka, teburinta na nan babu kowa, na ma kwashe littattafaina na jibga a kai.